Gyaran da Ba a Sa Ni Ba

Litinin, da hantsi

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Yau Litinin, ni ma na tashi da dama-dama. Gwiwar hagu ta yarda na taka ta har bakin ƙofa, tarin kuma bai wuce sau uku ba tun asuba. Kunnuwan suna nan yadda kika bar su, shi ya sa nake ci gaba da ɗora wa direban motar burodi wasiƙuna. Wayar da kuka saya mini ba na jin komai a cikinta sai kamar ƙudan zuma a tulu.

Shi direban ne ya sa baki a kunnena ya ce ranar Asabar ya gan ku a bakin titi, ke da 'yata, Uwata, tana rungume da jaririya, mijinta yana tare mota, wai asibiti za ku. Ni kuwa na san Alhamis ce ranar asibitinsu, domin daga can suke biyowa ta nan su yini. Tunda ke kika tare a gidansu kina taya ta reno, ke zan tambaya: me ya kai ku ranar Asabar?

Ranar Alhamis lafiya lau suka bar nan. Na ma samu damar ƙare wa ɗamarar nan kallo, wadda likita ya saka wa yarinyar don kan ƙashin cinyarta ya zauna a cikin kwatangwalo. Ɗamara ɗaya a ƙirji, igiya biyu a kafaɗa, sai huɗu da suka sauka zuwa ƙafafu, biyu ta gaba biyu ta baya, suka riƙe gwiwoyi a tanƙware, a buɗe. A kan kowace igiya likita ya ja layi da baƙar tawada, inda za ta tsaya. Da gaskiyarki da kika sa mata 'Yar Kwaɗo. Na ce da ita, "Amarya, haka za ki tare a gidana, da linzami kamar doki?" Ta yi mini dariyar dasashi.

Na ga yadda Uwata take fama. Ba wanka, sai shafa da tsumma mai ɗumi a ƙarƙashin kowace igiya, sannan ta bi bayan gwiwa da matsematsi da wuya ta tsane. In za ta canza mata nafkin ba ta kama ƙafafu ta ɗaga kamar yadda muka saba gani, sai ta cusa tafin hannu ƙarƙashin ɗuwawu. Kafin ta gama ta haɗa gumi. Bayan azahar ta ce bari ta ɗan miƙe a tabarma, kafin in amsa barci ya ɗauke ta, mayafinta a hannu. Sa'a guda muka zauna ni da amaryata. Babu abin da ya faru da ya isa a rubuta.

Ki ba direban amsa gobe in da hali. Ki haɗa da abin da likita ya ce game da ɗamarar, in ya ce wani abu. Kada ki gaya wa Uwata na tambaya, abin da ke kanta ya ishe ta.

Na bar ki lafiya,
Yayanki.

Talata

Yaya Jan Biro,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, ko kuskure ɗaya babu, sai ka ce maɗaba'a za a kai ta. Tawa kuma ka karanta ta yadda ta zo. Kada ka dawo mini da ita da jan zane, na tsufa da wannan.

Labari ba daɗi. Tun Juma'a da safe na lura amaryarka ta daina harba ƙafar dama. Ka san ta, ko a cikin ɗamara kamar mai tuƙa keke take. To hagu na ta aiki, dama a kwance kamar ba tata ba. Na sosa mata tafin ƙafa, yatsu suka motsa, gwiwa shiru. Asabar muka kwasa sai asibiti.

Likita ya duba ya ce an ja igiyar gaba ta dama, ta wuce inda ya tsayar da ita da faɗin yatsa biyu, gwiwa ta naɗe sosai har ta danne jijiya. Ya ɓalle ya nuna mana layi biyu a kan igiya ɗaya. Nasa mai kauri a karkace ya shige cikin ninki, ga wani siriri miƙe ɗoɗar, kamar da rula aka ja. Ya ce da gangan ya bar dama ta fi hagu tsawo, don ɓangarorin biyu ba lalura ɗaya gare su ba. Ya ce, "Wa ya taɓa?" Na buɗe baki zan rantse, sai 'yarka ta riga ni ta ce, "Ni ce."

Yaya, da ka ga yadda nas ta wanke ta tas a gaban matan da ke layi. "Sau nawa muka gaya muku? Ko kin fi likita sani ne, mu ba ki farar riga?" Ita kuwa kanta a ƙasa. Mijinta kuwa, tun daga mota har yau gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Yayarsa ta zo dubiya, ta bi ɗingishin 'yarka da kallo, ta ce, "Gado ma ya isa, ba sai an ƙara da hannu ba." Na ce mata ƙofar da ta shigo tana nan a buɗe.

An cire ɗamarar, an ba mu kwana goma. In ƙafar ta farfaɗo a mayar. In ba ta farfaɗo ba, ko ƙashin ya zame, sai an sa ta barci a gyara, a ɗaure ta da filasta daga ƙirji har idon sawu, wata uku.

Abin da ya ɗaure mini kai, 'yar nan taka ko layin littafi ba ta iya bi ba, kai shaida ne. Yaushe ta koyi ja da rula?

Jibi ba za su zo ba, kada ka jira. Ka sha maganinka, ka daina shanya tsofaffin ƙafafunka a siminti.

Ƙanwarka da ta fi ka hankali.

Alhamis, bayan azahar

Zuwa ga ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Jikin yau ba laifi, amma abinci ya ƙi wucewa tun shekaranjiya. Jiya direba ya tsaya ya yi ta jira, na ce masa babu saƙo. Takarda huɗu na yaga kafin wannan.

Kin riga kin gane, na ga alama a tambayarki ta ƙarshe. Ni na ja igiyar. Rular tawa ce, ta ƙarfe, wadda na baro maɗaba'a da ita.

Ga yadda aka yi. Da Uwata ta yi barci, na ɗaga rigar yarinyar don in ga ko igiya ta ci mata fata. Sai idona ya faɗa kan layukan likita. Shekara talatin da bakwai ina duba shafi kafin a buga, idon nan ba ya wuce abin da bai daidaita ba. Igiyar dama ta fi ta hagu tsawo. Na ɗauko rula na auna sau uku. Na ce a raina, likita mutum ne, yara hamsin yake gani a yini, hannunsa ne ya goce. Na ɓalle, na ja, na manne, na zana sabon layi da baƙin biro. Sannan na juya igiyar na sa 'yar alamata ta ja a bayanta, mai kama da ƙugiya, wadda nake sawa a gefen duk shafin da na gama dubawa. Hannuna ne ya sa ta, bai ma yi shawara da ni ba. Yarinyar ta yi ɗan kuka, na yi mata wasa ta yi shiru.

Da uwar ta farka ban faɗa ba. Ba tsoro ne ya hana ni ba a lokacin, abin ya fi haka muni. So nake sai Alhamis ta zagayo, likita ya ce komai ya yi kyau, sannan in ce, to, ku gode wa tsoho.

Akwai abin da ke ƙarƙashin wannan, ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka san shi. Uwata tana wata biyu, marigayiya mahaifiyarta ta ce mini in tana mata wanka tana jin ƙashin cinyar hagu yana ƙas, mu kai ta a duba. Muna tsakiyar buga littattafan makaranta a lokacin. Na ce zancen mata ne, ƙashin jariri ɗanye ne, zai miƙe da kansa. Ba mu je ba sai da ta fara tafiya tana ɗingishi, aka ce mun makara. Da na ga igiya ɗaya doguwa ɗaya gajera, ƙafafun 'yata na gani. Wancan karon an ce in motsa na ƙi, wannan karon an ce kada a taɓa na taɓa. Garin neman gira na rasa ido, idon ma ba nawa ba.

Ina roƙonki abu biyu. Ki ƙona wannan takarda. Sannan ki samu mijinta ki ce masa wataƙila igiyar da kanta ta zame, don ya sassauta mata. In Uwata ta ji ni ne, Alhamis ta ƙare mini, ni kuwa ba ni da wata rana a mako sai ita. Sauran shidan jiranta nake yi.

Yayanki, wanda ya kasa ɗaga ido.

Juma'a

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, hannuna ɗaya na kan amaryarka.

Igiya ta zame, ta ɗauko rula ta ja wa kanta layi? Haba Yaya. Da furfurata za ka aike ni in yi ƙarya, ƙaryar ma gurguwa? Takardarka ban ƙona ba, ban kuma nuna ba, tana cikin jakata. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Shekara talatin da bakwai kana nuna wa mutane kuskurensu da jan biro, yau ga shafinka an miƙo maka.

Kwana shida ke nan, gwiwa shiru. 'Yarka ta rame, kullum tana durƙushe tana kaɗa wa ƙafar nan makullai ko za ta harba. Mijinta ya koma cin abinci a wurin aiki. Kai kana can kana kukan Alhamis ɗinka.

Rubuta mata. Rubuta masa shi ma. In Litinin ta wuce ban ga takarda ba, zan karanta musu taka da bakina, da duk waƙafi da ayar da ka sa.

Ƙanwarka, duk da haka.

Lahadi, da safe

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina yi wa jikata sannu. Yau Lahadi. Jikina bai cancanci a tambaye shi ba, don haka na tsallake shi.

Ni na ja igiyar ɗamarar, ranar Alhamis ɗin da kika yi barci a tabarmata. Na ga ta fi 'yar'uwarta tsawo, na ɗauka kuskure ne, na yi gyaran da ba a sa ni ba. Ban faɗa miki ba don ina jiran yabo. Da na ji abin da ya biyo baya ban rubuto miki ba, sai na lallaɓa ta bayan Gwaggonki ina tambaya, har na roƙe ta ta yi ƙarya domina. Ta ƙi. Kwana takwas ke nan kina ɗauke da laifina a gaban mijinki da danginsa, ni ina nan zaune ina sauraron ciwon gwiwa.

Tunda na buɗe, bari in ƙarasa. Ɗingishinki ma ni ne. Mahaifiyarki ta ji ƙarar ƙashin tun kina wata biyu, ta ce a kai ki asibiti, na hana. Ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah. Kin tuna in zan raka ki makaranta, ina gaba kina baya, kina cewa, "Baba, jira ni"? Nakan ce sauri nake kada in makara a aiki. Ba sauri ba ne. In ina gaba ba na ganin tafiyarki.

Wasiƙun da kike aiko mini daga makarantar kwana, in mayar miki da su da jan zane, na ɗauka tarbiyya nake yi. Yanzu na gane rubutunki ne kaɗai abin da nake iya gyara miki, shi ya sa na matsa masa.

Ga takarda ta biyu a ciki, ta maigidanki ce, na faɗa masa gaskiya cikin layi biyar. Ki ba shi. Ga kuma jan biron, ki jefa shi inda kika ga dama. Ban ce ki yafe ba, ban kai nan ba tukuna. Abin da nake roƙo, in ƙafar ta motsa ki sa direba ya sanar da ni. Ya ɗaga yatsa kawai daga mota, zan gane.

Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki.
Mahaifinki.

Talata

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina wuni, ya jiki, ya gwiwa? Ka ce ka tsallake, ni ban tsallake ba. A kan cinyata nake rubutu tana shan nono, ka yi haƙuri da hannun.

Ta harba, Baba. Jiya da hantsi Gwaggo na canza mata nafkin, ta sakar mata ƙafar dama a haɓa. Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana cewa, "Ƙara, 'yar nema, ƙara." Yau mun je asibiti, an duba ta a na'ura, ƙashin bai zame ba. An mayar da ɗamara, amma mako ukun da muka yi sun tafi, daga farko za a ƙirga. Mun koma tsumma da ruwan ɗumi.

Zancen igiya kuwa, na sani tun ranar Asabar ɗin. Da likita ya ɓalle ta, ni ya miƙa wa, na juya, na ga ƙugiyarka. Wasiƙata nawa ta dawo mini da ita? Ko a mafarki na gan ta zan gane. Na ɗora babban yatsana a kai na ce ni ce. Na san in na ce kai ne, ba za a sake barina in kawo ta gidanka ba, kuma ba ni da bakin cewa ba a kyauta ba. Faɗan nas bai dame ni ba, na saba a kalli ƙafata kafin a kalli fuskata. Abin da ya dame ni, in motar burodi ta tsaya sai in ga takarda ta wuce ni ta tafi hannun Gwaggo. Kwana takwas ina jira ka faɗa da kanka.

Na ba maigidana takardarsa. Ya karanta sau biyu a tsaye, ya ninke ya sa a aljihu. Da na zo shafa mata jiki, shi ya riƙe mini kwanon ruwa, ya ce in yafe masa. Na tambaye shi zancen Alhamis. Ya ce kai uba ne a wurinsa, amma jaririyar ma 'ya ce, in bar shi ya yi tunani.

Ɗaya maganar, ta hanyar makaranta, ban san me zan ce ba. Shekara talatin ina ganin ni ce ba ni da sauri. Wani lokaci in ce gara da ka faɗa, wani lokaci in ce da ka bar ni da abin da na sani. Ka ba ni lokaci.

Ga bironka na mayar. Ba shi ya ja igiya ba, kuma na san ko jarida ba ka iya karantawa sai yana hannunka.

Ta fara kuka. Zan kawo ta ranar Alhamis ba. Gwaggo na gaishe ka, ta ce ka ci abinci.

'Yarka.

Alhamis, gab da faɗuwar rana

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Yau Alhamis. Na ci abinci, ki gaya wa Gwaggonki. Gwiwa ta bar ni na share ɗaki da tsakar gida, tarin ya zo sau biyu ya tafi. Na gode wa Allah saboda ƙafar nan. Wurin haɓar Gwaggonki na karanta shi ya fi sau goma.

A ƙarshen takardarki kin rubuta, "Zan kawo ta ranar Alhamis ba." Akwai "ba" a baya, babu a gaba. Ko dai na gaban ne ya faɗi, ba za ki zo ba ke nan, ko na bayan ne ya shigo ba a gayyace shi ba, kina tafe. Na cire murfin biro, na riƙe shi a kan takardar har hannuna ya gaji. Jan zane guda ya isa in kashe na bayan, in samu abin da nake so. Na mayar da murfin. Ke kika ɗaura ta haka, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wataƙila da dalili. Ba ki kuma ce wace Alhamis ba.

Na shimfiɗa tabarma tun hantsi, na ɗumama ruwa na zuba a fulas saboda tsumma. Rular na ba direba ya kai wa matarsa, ya ce ɗinki take yi. Na zauna a bakin ƙofa inda nake hango kwanar titi, tunda ba na jin mota sai na gan ta. Yanzu inuwa ta rufe tsakar gida, na naɗe tabarma.

Ki shafa mini kan amaryata. Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinki.

Ba ku zo ba. Na duba wannan jimlar sau biyu, babu abin gyara a cikinta.